Ɗan Kwikwiyo Ya Shigo Gida

Uwargida, in Maigida ya kawo kwikwiyo don gadi, ɗawainiyarsa kanki za ta dawo. Kukan daren farko galibi kewar uwarsa ce. Ki ware masa lungu guda da tsumma da kwanon ruwa, nesa da madafa.

Yara ne abin lura, musamman mai rarrafe. Kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, nan ake samun cizo. Miya mai albasa da dafaffen ƙashin kaza kuwa suna cutar da shi.

Da ya cika wata 3, a kai shi likitan dabbobi ya yi masa rigakafin ciwon haukan kare. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ku wuce asibiti a ranar, ko da ƙwarzane ne.