Yaro, kyamara da haƙƙin wanda aka ɗauka

A ƙarshen watan Yuni makarantun birnin New York ke rufewa, ba kuma za a koma ba sai farkon Satumba. A cikin wannan dogon hutu ne wasu iyaye ke tura 'ya'yansu matasa ajin koyon ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikin fitattun wuraren da ake wannan karatu ita ce cibiyar International Center of Photography, wadda Cornell Capa ya kafa a 1974. Tana da sashe na matasa, inda ake koya musu aiki da kyamarar zamani da gyaran hoto a kwamfuta, a kuma shigar da su ɗakin duhu su wanke hoto da hannu kamar yadda kakanninsu suka yi. A garin Rockport na jihar Maine ma akwai wata makarantar da ta fara tun 1973, wadda ke karɓar matasa su kwana su tashi a can na 'yan makonni.

Mai lissafi zai ce ɓata kuɗi ne. Kuma yana da abin kafa hujja. Injiniyan kamfanin Kodak ne, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma wannan fasahar ce ta ci kasuwar fim har kamfanin ya bayyana karyewar jarinsa a 2012. To me zai sa a ɗauki ɗan shekara 15, wanda wayar aljihunsa ke ɗaukar hoto dubu kafin la'asar, a kulle shi cikin ɗaki mai warin sinadari?

Ni ina ganin wannan ɗakin ya fi ajin kwamfutar amfani ga tarbiyyarsa, ko da ba zai taɓa cin ko sisi da fim ba.

Fim ɗin da ake ba yaron hoto 36 yake ci, wani ma 24. Ya ƙare, ya ƙare. Ba allon da zai duba ya ga abin da ya ɗauka, ba gogewa. Idan ya dawo daga titi, zai zare fim ɗin ya naɗe shi a ƙarfen wanki cikin baƙin duhu, da lalube, domin ko ƙyallin haske ya taɓa shi aikin yini ya tashi a banza. Sai a zuba ruwan sinadarin da ke fito da hoton, a auna zafinsa ya tsaya wajen digiri 20, a riƙa duba agogo. Daga nan sai ruwan da ke tsayar da aikin na farko, sai na uku mai kafe hoton, sai ɗauraya, sai shanya. Duk wannan bai kai ga takarda ba tukuna. Sai washegari, ƙarƙashin jar fitila, zai haska nagatif ɗin a kan farar takarda na 'yan daƙiƙu, ya tsoma ta a faranti yana girgizawa, ya tsaya yana kallon fuskar mutum tana fitowa a hankali. Yaron da ya sha wannan wahala sau ɗaya, idan ya sake ɗaga kyamara sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya latsa. Ba wa'azi aka yi masa ba. Tsadar fim da gajiyar wanki ne suka koya masa.

Akwai wani darasin da ke zuwa daga baya. A lokacin haska takarda, malami zai nuna masa yadda ake tare haske da tafin hannu don wani gefe ya yi fari, ko a ƙara wa wani gefen haske don ya yi duhu, ko a yanke gefen hoton a fitar da wanda ba a so ya fito. Da hannunsa yaron ya sauya abin da ido zai gani, saboda haka ba wanda zai sake ce masa hoto ba ya ƙarya. Tun kafin kwamfuta ake wannan aiki: Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan asiri na Tarayyar Sobiyet, yana tsaye gefen Stalin a bakin ruwa a wani sanannen hoto, bayan an kashe shi a 1940 sai aka shafe shi aka cike gurbinsa da ruwa. A yau da manhaja ke ƙirƙiro fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba, matashin da ya san yadda ake murɗa hoto ya fi tsofaffi da yawa kariya daga ƙaryar da ke yawo a WhatsApp.

Amma abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ke gaban kyamara. Duk ajin da ya amsa sunansa yana tilasta wa yaro ya tunkari baƙo, ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da dalilinsa, ya nemi izini, ya kuma haƙura idan an ce a'a. Wannan ya fi saita haske wuya ga ɗan shekara 15.

Ko manyan masu sana'ar sun sha tuntuɓe a nan. A watan Maris na 1936, Dorothea Lange, tana aiki wa gwamnatin Amurka a lokacin matsin tattalin arziki, ta tsaya a sansanin masu tsinkar wake a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Ta ga wata mata 'yar shekara 32 zaune a bukkar tanti, yara sun kifa kai a kafaɗunta. Cikin 'yan mintuna ta ɗauki hotunanta ta shiga mota. Ita da kanta ta rubuta daga baya cewa ba ta tambayi sunan matar ba. Hoton ya fito a jarida, gwamnati ta aika abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da iyalinta sun riga sun yi gaba. Fuskarta ta zama alamar talauci a duniya, an buga ta a littattafai ba adadi, alhali ba a san wace ce ba sai a 1978, lokacin da wani ɗan jarida ya gano ta. Sunanta Florence Owens Thompson, kuma ta koka cewa ba ta amfana da komai daga hoton ba. Ba na ce Lange muguwa ce ba. Hotonta ya ciyar da mayunwata. Sai dai an ɗauki wani abu na wannan baiwar Allah aka tafi da shi, shekara 42 ba wanda ya waiwaye ta.

Lange ƙwararriya ce mai kyakkyawar niyya. To ina ga yaron da ba wanda ya taɓa zaunar da shi? A nan ne zancen ya shafe mu, domin wayar da ke hannun yaron unguwar Bronx ta New York ita ce a hannun na Fagge da na Maraɗi. Mota ta kife a hanya, kafin a samu mai ciro mutum an samu masu ɗaga waya goma. Uwa ta ga gawar ɗanta a Facebook kafin ɗan aike ya iso da sallama. A kama yaro da zargin sata, a ɗauki fuskarsa a watsa, gobe gaskiya ta fito amma hoton ba ya dawowa. Almajiri kuwa ya zama na kowa, duk mai son a ce yana da tausayi sai ya ɗauke shi da ƙoƙonsa. Mun san haramcin giba da tonon asiri, muna ji a huɗuba, amma da yawanmu ba mu taɓa lissafa kyamara cikin abubuwan da ake yin su da ita ba.

Ba kuma duk abin da ake yi a Amurkan ne abin yabo ba. Wasu daga cikin waɗannan azuzuwan hutu suna da tsadar da sai 'ya'yan masu hali, kuma akwai iyayen da ba ruwansu da hoto, abin nunawa kawai suke nema wa yaro a takardar shiga jami'a. Idan irin wannan yaron ya shiga unguwar talakawa da kyamara mai tsada yana farautar fuskokin wahala, an koma gidan jiya. Shi ya sa na fi girmama aikin Bronx Documentary Center, wadda ɗan jaridar yaƙi Michael Kamber ya buɗe a 2011, shekarar da aka kashe abokinsa Tim Hetherington a Misrata ta Libiya. A can kyauta ake koyar da yaran unguwar, kuma unguwarsu suke ɗauka: mai aski, kakar gida, maƙwabcin da za su haɗu da shi gobe a bakin shago. Wanda zai sake haɗa ido da wanda ya ɗauka ba ya wasa da mutuncinsa. Irin wannan tunani ne ya sa David Goldblatt ya kafa Market Photo Workshop a Johannesburg a 1989, don waɗanda mulkin wariya ya saba nunawa ta idon wasu su riƙe kyamarar da kansu.

Ba sai mun gina ɗakin duhu a kowace sakandare ba. Fim ya yi tsada, sinadaran na buƙatar kula, ruwan kafe hoto ma yana ɗauke da azurfa, ba a zubar da shi a kwata. Amma a garuruwanmu akwai dattawan da suka yi shekaru suna ɗaukar hoton Sallah da na biki, waɗanda suka san yadda ake gaishe da mai gida kafin a shiga, da yadda ake jiran amarya ta gyara lulluɓi. Waya ta kashe musu kasuwa, da yawansu na zaune. Makarantar da ta gayyato ɗaya daga cikinsu a hutun Agusta, ta tara yara ashirin da wayoyinsu, ta ƙayyade wa kowa hoto 36 a mako, ta kuma hana karɓar duk hoton da yaro bai iya faɗin sunan wanda ke ciki ba, abin da za ta kashe bai wuce kuɗin motar dattijon da na wanke hotunan da za a mayar wa masu su ba.