Bizar ƙwararru a Amurka na buƙatar gyara daga tushe

Tun shekarar 1990 da majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro bizar H-1B, wato izinin aiki da kamfani ke nema wa baƙon da ya ƙware a fanni kamar injiniyanci, likitanci ko ilimin kwamfuta, ginshiƙin tsarin bai sauya ba. Doka ta ƙayyade biza 65,000 a shekara, aka ƙara 20,000 a 2004 domin masu digiri na biyu daga jami'o'in ƙasar, kuma da masu nema suka yi wa wannan adadi fintinkau, sai aka shafe shekaru ana rabon ta hanyar ƙuri'a, yadda sa'a kan rinjayi cancanta.

Wannan jarida tana ganin babban aibin tsarin shi ne ɗaure ma'aikaci a ƙafar wanda ya ɗauke shi. Injiniyan da aka sallama yana da kwana 60 kacal ya sami wani kamfani ya tsaya masa, in ba haka ba ya cire 'ya'yansa daga makaranta a tsakiyar zango, ya sayar da gidan da bai gama biyan bashinsa ba, ya tattara nasa ya nasa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya iya ɗaga murya kan ƙarancin albashi, kuma shirunsa ne ke jawo albashin takwarorinsa 'yan ƙasa ya yi ƙasa, abin da masu sukar shirin ke kuka da shi, kuma suna da gaskiya. Mafitarsa ita ce katin zama na dindindin, amma ana bayar da 140,000 ne a shekara ta hanyar aiki, har da iyalai, kuma ba a yarda wata ƙasa ta wuce kashi 7 cikin ɗari ba, shi ya sa Indiyawa, waɗanda su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na masu wannan biza, ke jiran gomman shekaru.

Harajin dala 100,000 da Shugaba Donald Trump ya ɗora kan sababbin buƙatu a Satumban 2025 bai taɓa wannan ciwo ba. Manyan kamfanonin fasaha suna da ƙarfin biya. Asibitin karkara da ya dogara da likitoci baƙi, cikinsu har da 'yan Nijeriya, ba shi da shi.

Masu son kafa kamfaninsu kuwa har yau ba su da biza tasu, sai wani izinin zama na wucin gadi da aka tsara a 2017, wanda kowace gwamnati ke iya sokewa. Alhakin gyara yana wuyan majalisa: ta ba ma'aikaci ikon sauya wurin aiki ba tare da fargabar kora daga ƙasa ba, ta soke ƙa'idar kashi 7, ta kuma kafa wa masu buɗe kamfanoni biza ta doka wadda sauyin gwamnati ba zai shafa ba.