Ga Mari Ga Tsinka Jaka: Tarar Fita Daga Yarjejeniyar Intanet

Akwai wata al'ada da ke samun gindin zama a tsakanin kamfanonin da ke ja wa mutane intanet zuwa gidaje da ofisoshi, wadda nake ganin bai kamata mu bari ta zama jiki ba. Kamfani ya zo ya ja maka waya ko ya kafa maka faifai a kan rufi, ka sa hannu a takardar cewa za ka zauna da shi shekara guda ko biyu. Tafiya ba ta yi nisa ba intanet ɗin ya fara ɗaukewa, yau akwai gobe babu. Ranar da haƙurinka ya ƙare ka ce a raba gari, sai a miƙo maka takardar tara, wai ka karya yarjejeniya kafin wa'adinta. Wannan shi ne ga mari ga tsinka jaka.

Yawancinmu ta waya muke sayen data, idan layi ya gaza sai mu zare shi mu sa wani, babu mai bin mu bashi. Waɗanda tarkon ke kamawa su ne masu buƙatar intanet na dindindin: makarantu, ƙananan asibitoci, ofisoshin lauyoyi, da shagunan da ɗalibai ke cika don duba sakamakon jarrabawa ko cike takardun neman gurbin karatu. Ga mai irin wannan shago, yini guda babu intanet daidai yake da rufe ƙofa, alhali kuɗin haya da na man janareta da albashin yara suna nan suna jiransa.

Adalci ne a fara da jin ta bakin kamfanonin. Hujjarsu ita ce sun kashe kuɗi wajen haƙa rami da jan waya, sun ba ka na'urar rarraba intanet kyauta ko a farashi mai rahusa, bisa lissafin cewa kuɗinsu zai dawo a hankali cikin watannin yarjejeniya. Suna kuma kuka da masu aikin titi da ke tsinke musu wayoyi, da ɓarayin batura, da tsadar dizal. Duk wannan gaskiya ne. Akwai ma lokacin da abin ya fi ƙarfin kowa, kamar ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na sadarwa suka rikice a Nijeriya da maƙwabtanta. Babu mai hankalin da zai zargi kamfani ɗaya da wannan.

Sai dai hujjar tana da iyaka. Tarar fita tana da ma'ana ne a kan wanda ake ba shi abin da ya saya, sannan ya ga wani wuri mai araha ya ce zai koma can. Wanda kuwa ya biya kuɗin wata cif, aka ba shi aikin rabin wata, ba shi ya fara saɓa alkawari ba. Yarjejeniya igiya ce mai baki biyu. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma kowane ɓangare da nasa ƙunshin a ka. Wanda ya fara ajiye nasa ba shi da bakin cin tarar wanda ya ajiye daga baya.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ijara: lada yana wajaba ne saboda amfanin da aka samu, idan amfanin ya gagara, mai haya yana da damar warware ciniki. A zamaninmu ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta sanya sharaɗin tara a yarjejeniyoyin da ba na bashi ba, amma ta ce ba a zartar da shi idan saɓawar ta faru ne bisa dalilin da ya fi ƙarfin mutum, ko kuma babu wata asara da ta sami ɗaya ɓangaren, kuma kotu na iya rage adadin idan an yi wuce gona da iri.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mai saye a rana ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar FCCPC, ta hana sharuɗɗan rashin adalci a sashe na 127, cikinsu har da sharaɗin da ya karkata ƙwarai ga ɓangare guda. Sashe na 130 kuwa ya ba mai saye haƙƙin a yi masa aiki a kan lokaci kuma da ingancin da ake sa rai, idan an gaza a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ga kuma Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, da ke aiki ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, wadda ta wajabta wa kowane kamfani tsarin karɓar koke. A watan Janairun 2025 hukumar ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, aka ce mana inganci zai biyo baya. Wanda ya biya ƙarin yana da cikakken haƙƙin tambayar inda ingancin ya tsaya.

To me ya sa mutane ke biyan tarar duk da haka? Dalili shi ne ba mu ajiye shaida. Kokenmu duk a baki yake, mu kira injiniya a waya mu yi masa faɗa, ya ba mu haƙuri, magana ta bi iska. Ranar da rigima ta tashi, kamfani zai fito da takarda mai sa hannunka, kai kuwa sai rantsuwa.

Na taɓa shiga irin wannan taƙaddama da wani kamfani da ya ja mana waya a ofis. Cikin wata uku, na lissafa ranakun da intanet ya ɗauke a wani ƙaramin littafi, kowace rana da lokacin ɗaukewa da na dawowa da lambar koken da aka ba ni. Da na nemi fita suka turo takardar tara ta sauran watannin gaba ɗaya. Ban je ofishinsu na ɗaga murya ba. Wasiƙa na rubuta, na jera ranakun, na nuna sakin layin da suka yi alkawarin gyara cikin ƙayyadadden lokaci, na ce a shirye nake in biya kuɗin kwanakin da na amfana in kuma mayar da na'urarsu, amma tara ba ta hau kaina ba. Bayan 'yan makonni suka janye ta. Littafin nan ne ya yi mini aikin lauya.

Saboda haka shawarata ga wanda ya sami kansa a wannan hali ita ce ya fara da karanta takardar da ya sa wa hannu, ya nemo abin da aka ce game da gudun intanet, da wa'adin gyara, da yadda ake lissafin tara. Ya lura da dabarar nan ta rubuta cewa gudun zai kai "har zuwa" kaza, domin ita ce mafakarsu, amma ba ta halatta ɗaukewa ɗungurungum ba. Kowane koke ya zama a rubuce, kuma ya karɓi lambarsa. Ya riƙa gwada gudun intanet ɗin da manhajar gwaji yana ɗaukar hoton sakamakon da kwanan wata. Kada ya daina biya haka kawai babu sanarwa, don kada ya ba su makamin da za su yaƙe shi da shi. Idan zai mayar da na'ura ya karɓi rasit. Idan kamfani ya ƙi saurare, ya kira 622, lambar NCC ta kyauta da aka tanada don kokon da kamfani ya gaza warwarewa, kuma lambar koken farko za a fara tambayarsa. Bayan nan akwai FCCPC, akwai kuma kotunan ƙananan da'awoyi da jihohi irin su Legas da Kano suka kafa, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Amma nauyin bai kamata ya tsaya a kan mai saye shi kaɗai ba. Ina kira ga NCC da ta fito da ƙa'ida ƙarara: duk wanda intanet ɗinsa ya ɗauke fiye da wasu ƙayyadaddun kwanaki a wata, ya sami damar fita ba tare da biyan ko kwabo ba. Tarar da za a ci wanda ya fita don raɗin kansa kuma kada ta wuce ragowar kuɗin kayan da aka kafa masa, tana raguwa wata bayan wata. A kuma tilasta wa kamfanoni rubuta wannan sharaɗi a shafin farko da manyan haruffa, cikin harshen da mai saye ke ji, har da Hausa a inda Hausa ce harshen kasuwa.

Kamfanin da ya amince da aikinsa ba ya buƙatar ɗaure abokin cinikinsa da tara, domin mai jin daɗin ciniki ba ya neman ƙofar fita. Duk lokacin da ɗayanmu ya biya tarar da ba ta hau kansa ba don gudun wahala, ya ƙara wa kamfanin ƙwarin gwiwar miƙa wa maƙwabcinsa irin wannan takarda gobe. Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya kuma ba mu ƙarfin zuciyar neman haƙƙinmu ta hanyar da ta dace.