Jita mai tsada ba ta koya wa yatsa kiɗa

Jiya da dare saura kaɗan mu ɓata da abokin ɗakina a nan Gadau. Ɗan garinmu ne, tare muka taso a Disina. Wai zai taɓa kuɗin rajistarsa ya sayi jita mai tsada da amfilifaya, don a cewarsa rashin kayan kirki ne ya hana shi yin suna. Na ce masa: mutumina, wata uku ke nan ban ga ka zauna awa ɗaya cur kana gwaji ba.

Ku duba Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa. Kuntigi ne fa, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tal, amma har ya rasu a 2015, da ka ji bugu ɗaya ka san shi ne. Mdou Moctar na Nijar kuwa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Yau Fender yake kaɗawa a Amurka, amma sai da hannun ya ƙware sannan kayan suka biyo baya.

Ban ce kaya ba su da amfani ba. Jitar da ba ta riƙe saiti ko sifika mai ƙugi za su kunyata ka a bainar jama'a. Amma maganin wannan kuɗi kaɗan ne: sabuwar tsirkiya da waya mai kyau.

Don Allah ka biya rajista. Sai da Baba ya sayar da geronsa kafin ya turo kuɗin nan. Jita tana nan a kanti, zangon karatu kuwa in ya wuce ya wuce.

Ko na yi kuskure, jama'a?