Birkin Da Yake Kamawa Idan Ya Ga Dama Ba Birki Ba Ne



Ranar Talatar da ta wuce mun je asibiti dubiyar wani yaronmu ɗan acaɓa. Ƙafarsa a ɗaure take, haƙarƙari biyu sun tsage. Matar da ya ɗauko, wata Bayarabiya mai sayar da kayan miya, tana ɗakin mata, ita kuma kafaɗarta ce ta goce. Bayan wata danfo ya shiga, ta tsaya sauke fasinja a titin Iju. Muka tambaye shi yadda aka yi, ya ce birki ne ya ƙi. Muka ce tun yaushe yake ƙi? Ya yi shiru, can ya ce ya kai sati uku, "amma fa yana kamawa, Malam, wani lokacin ne kawai yake saki."

Waɗanda ke tsaye a bakin gadon suka ce ƙaddara ce. Mu ma mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma mun yi masa addu'ar samun sauƙi. Amma a wannan shafi za mu faɗi abin da muka ji nauyin faɗa a gaban majinyaci. Mutumin da ya san birkinsa yana saki har tsawon sati uku, kuma kullum ya fito ya ɗora 'ya'yan mutane a bayansa, sakaci ya yi. Malamanmu na nan Zango sun sha faɗa mana a wajen karatu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ya kamata. Idan muka ci gaba da lulluɓe sakaci da sunan ƙaddara, to mun ɗora wa addini laifinmu.

Birkin da ya mutu gaba ɗaya ya fi wannan sauƙi, domin mai shi zai ajiye babur dole. Wanda yake kamawa yau ya saki gobe shi ne mayaudari. Sau tara zai tsayar da kai, ka saki jiki, na goma ya bar ka daidai lokacin da yaron makaranta ya tsallako titi. Kuma babu wani asiri a cikinsa. Ba aljanu ba ne, ba sammun abokin gaba a tasha ba ne, kamar yadda muka ji wani yana rantsuwa. Ƙarfe ne da waya da sifirin, kuma kowace irin saki tana da dalilinta.

Mun zauna da tsofaffin makanikanmu, waɗanda suka ga zamanin Jincheng kafin Bajaj da TVS su cika gari. Abu na farko da suka ce shi ne, kafin a taɓa sifana a tambayi mai babur: yaushe yake saki? Amsar wannan tambaya ita ce rabin gyara.

Yawancin baburan da yaranmu ke aiki da su, irin su Boxer, birkinsu na cikin hob ne gaba da baya. Birki shu biyu ne a ciki, akwai ɗan ƙarfe mai juyawa a tsakaninsu wanda yake buɗa su su matse jikin hob. Na gaba waya ke jan shi, na baya kuma sanda ce daga wurin takawa. Idan bayan an ratsa ruwa ne yake saki, to ruwa ne ya shiga hob. Duk wanda ya yi damina ɗaya a Legas ya san yadda kwata ke cika ta hau titi. Shu ɗin da ya jiƙe ba ya kamawa sai ya bushe, shi ya sa mai hankali idan ya fito daga ruwa yake tafiya a hankali yana ɗan taka birki har ya ji ya dawo. Amma ruwan nan yana barin tsatsa a jikin ƙarfen mai juyawa, sai ya riƙa cijewa, yau ya juya gobe ya maƙale. Maganinsa a kwance taya, a zare shi, a goge, a shafa masa giris ɗan kaɗan. Kaɗan muka ce, domin giris ɗin da ya taɓa fuskar shu ya kashe shi, sai dai a sa sabo. Wanke shi da fetur da wasu ke yi yaudarar kai ce, man ya riga ya shige ciki, da ya ɗauki zafi zai sake tsattsafowa.

Idan kuwa da safe yana kamawa, sai rana ta take ko an ɗauko kaya masu nauyi yake saki, to zafi ne. Wasu yaran ƙafarsu ba ta sauka daga kan birki, suna tafe suna gogar shu ba su sani ba. Wani kuma an ɗaure masa sarƙa ne, aka ja taya baya, aka manta cewa sandar birki ma ta ƙara tauri, sai shu ya riƙa goga tun daga gareji. Shu ɗin da ya sha zafi fuskarsa takan yi sulɓi tana ƙyalli kamar gilashi. Ka yi tafiyar minti goma ba ka taka birki sosai ba, ka tsaya ka kai hannu kusa da hob. Idan ka ji zafi yana bugowa, akwai magana.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai saki ba tare da wani lokaci ba. Nan ne ake samun wayar birkin gaba da silinta suka fara tsinkewa a cikin bututu, suna sarƙewa. Nan ne ake samun hannun birki da haƙoransa suka cinye, idan aka taka da ƙarfi sai ya zame. Nan ne ake samun boris ya mutu, taya tana rawa. Akwai kuma sandar da ke riƙe farantin birkin baya kada ya juya tare da taya. Idan notinta ya kwance ya faɗi, farantin zai juya ya naɗe sandar birki, taya ta kulle ana cikin gudu. Sai kuma shu na jabu, wanda fatarsa gam marar kyau ne ya riƙe ta. Rana ɗaya za ta ɓalle a cikin hob, ko birki ya tafi gaba ɗaya ko taya ta ƙame. Araha ba ta ado, balle a kayan birki.

Masu birkin faifai a gaba su ma kada su ce ba da su ake ba. Idan ka matsa hannu ka ji laushi, sai ka matsa sau biyu ko uku sannan ya yi tauri, to iska ta shiga ko man yana yoyo. Man birki yana shan danshi, garin nan kuwa danshi ne da shi, kuma man da ya sha ruwa yana tafasa idan ya yi zafi. A duba murfin, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, shi za a saya a rufe, ba wanda ake tsiyayawa a gorar ruwa ba. Baƙin mai kuwa yana kumbura robobin ciki ya lalata su.

Yanzu ga makanikai, kuma da yawansu 'yan ƙungiyar nan ne. Yaro zai zo ya ce birki na saki, ko taya ba za a kwance ba, sai a murɗa notin baya sau uku a ce ya tafi. Wannan ba gyara ba ne. Idan shu ya cinye, ƙara murɗa noti yana sa ƙarfen nan ya riƙa juyawa fiye da ƙima, ƙarfin matsewa ya ragu, wata rana ma ya wuce iyaka ya cije. Mun ga inda aka cusa guntun gwangwani a bakin shu wai don ya ƙara kwana. Makaniken da ya yi haka ya karɓi kuɗi, da hannunsa a cikin duk abin da ya biyo baya. Kwance tayar Boxer ba aikin yini ba ne. Ka buɗe, ka nuna wa mai babur da idonsa, idan ya ƙi sayen shu ka ce ya kai wani wuri.

Akwai kuma wata gurguwar fahimta a tashoshinmu, wai birkin gaba shi ke kayar da mutum, har wasu suna sassauta wayar da gangan ko su bar ta a tsinke. Idan babur yana tsayawa nauyi gaba yake komawa, saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi lokaci ɗaya a kwana ko a kan yashi. Yaron da muka je dubawa, wayar gabansa ta tsinke tun kafin azumi. Da tana nan, da wataƙila yanzu yana gida.

Mun san abin da za a ce mana, domin an riga an fara faɗa. Za a ce sakatare yana zaune a inuwa, bai san balas ba. Mun sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har da kayan gyara. Yaro zai biya tikiti, ya biya mai, ya kauce wa 'yan kame, ya kai wa maigida balas da yamma ko an samu ko ba a samu ba. Wuni ɗaya a gareji asara ce a gare shi. Shi ya sa kaso mafi girma na wannan laifi muke ɗora shi a kan masu ba da babura. Alhaji, kana da babur biyar ko goma a titi, ka san ranar da kowane yaro ya yi maka latti da balas, amma yaushe rabon ka tambayi birkin ko ɗaya daga ciki? Yaro ya ce maka yana buƙatar shu, ka ce ya cire a nasa. Ranar da aka yi haɗari kuma kai ne na farko da za ka kira mu a waya, a je ofishin 'yan sanda a yi magana.

Mu kuma tuna inda muke zaune. A 2012 gwamnatin Fashola ta hana acaɓa hawa tituna 475. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta sa wani takunkumin. A 1 ga Yunin 2022 aka hana gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Kowa ya ga hotunan baburan da aka murƙushe. Duk lokacin da za a yi haka, haɗari yana cikin hujjojin da gwamnati ke kawowa. Agege ba ta shiga jerin wuraren da aka hana gaba ɗaya a 2022 ba, amma Ikeja maƙwabciyarmu ce, kuma idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ka san abin yi. Idan ɗan acaɓa ya buge mutum a unguwar nan, ba a cewa wane ne ya yi, cewa ake Hausawa ne. Mai shago da mai sayar da shanu a Oko-Oba da ɗalibin da bai taɓa hawa babur ba duk suna shan wannan kallon.

Saboda haka ga matsayinmu, kuma za mu kai shi gaban taron wata don a amince. Daga yanzu duk wanda ya zo neman ƙungiya ta shiga maganar haɗari, sai makanikanmu biyu sun buɗe birkin babur ɗin gaba da baya. Idan aka samu waya a tsinke ko shu ya cinye har ƙarfe, za mu taimaka wa wanda aka ji wa rauni, ko ɗan wace ƙabila ne, amma kuɗin zai fito ne daga aljihun mai babur, ba daga asusun marayu ba. Muna kuma roƙon shugabannin tashoshi su sa kowane yaro ya gwada birkinsa biyu a gabansu kafin ya ɗauki fasinjan farko, ɗaya bayan ɗaya, a tura babur a ga taya ta tsaya.

Makanikai uku sun yarda za su duba birki kyauta ranar Lahadi bayan sallar La'asar a gaban ofishin ƙungiya. Aikin hannu ne kyauta, kuɗin shu da waya na mai babur ne. Masu babura su zo da kansu, kada a turo yara su kaɗai.

Wassalam.
Sakatare