Yawan Ihu Ba Shi Ne Ma'auni Ba

Duk kamfanin da ya sauya fasalin manhajar da miliyoyin mutane suka saba da ita, to ya shirya shan zagi. Yatsa ya riga ya haddace mazaunin kowane maɓalli, kuma babu mai son a mayar da shi baƙo a gidan da ya daɗe a ciki. Saboda haka, a ganina, ƙarfin ihu ba ya nuna girman kuskure. Abin dubawa shi ne me sauyin ya ƙwace daga hannun jama'a.

A watan Satumba na 2006 Facebook ya fito da News Feed, wato jeren da ke tattaro wa mutum duk motsin abokansa wuri guda. Cikin 'yan kwanaki, dubban ɗaruruwan ɗalibai suka shiga rukunin adawa da shi. Abin dariya, jeren da suke tsinewa ne ya yaɗa labarin rukunin nasu. Mark Zuckerberg ya nemi afuwa, ya ƙara hanyoyin da mutum zai ɓoye abin da ba ya so a gani, amma bai janye sauyin ba. Ya raba ƙorafin gida biyu: tsoron tonon asiri, wanda ya cancanci gyara nan take, da kewar abin da aka saba, wadda lokaci ke warkarwa.

Digg bai yi wannan tankaɗe da rairaya ba. Dandali ne da masu karatu ke ɗaga labari ko su binne shi da ƙuri'a, kuma wannan ikon ne ya tara su. A watan Agusta na 2010 sabon fasalinsa ya cire maɓallin binnewa, ya kuma buɗe wa manyan kafafen yaɗa labarai ƙofar turo kayansu kai tsaye. Mutanen da suka yi shekaru suna yi wa dandalin aiki kyauta suka wayi gari 'yan kallo. Nan ba sabo aka taɓa ba, mulki aka karɓe, kuma babu lallashin da ke mayar da wannan. Suka cika shafin farko da labarai daga Reddit don huce haushi, sannan da yawansu suka kwashe kayansu suka koma can. A 2012 aka sayar da abin da ya rage na Digg ga kamfanin Betaworks.