Kafin mu ce laifin iyaye ne



Duk sa'ad da bidiyon wata yarinya ya bazu a WhatsApp, ko aka ji yaro ya daina zuwa lakwal saboda dariyar da ake yi mishi a gurup, hukunci guda ake yankewa a fada: laifin iyaye ne, ba su yi tarbiyya ba. Sai a sha shayi a watse. Ni wannan hukunci bai gamsar da ni ba, ya yi arha da yawa. Uwar da ake zagi, sau da yawa saƙon murya kaɗai ta iya turawa. Ita ake so ta yi kokawa da kamfanin da ya tara dubban injiniyoyi, aikinsu dare da rana shi ne kada ɗanta ya aje waya.

Kuma ba zato nake yi ba. A shekarar 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, har ta ba da shaida gaban majalisar dattawan Amurka. Takardun sun nuna masu binciken kamfanin da kansu sun gano cewa Instagram na ƙara wa ƴan mata da dama ƙyamar jikinsu. An sani, aka yi shiru. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa a Ingila ya tabbatar cewa abubuwan da wata yarinya ƴar shekara 14 ta yi ta kallo a intanet sun taimaka wajen rasuwarta. A 2023 jihohin Amurka sama da 40 suka kai Meta kotu kan cewa da gangan aka gina manhajojin don su kama yara. A watan Janairun 2024 Mark Zuckerberg ya miƙe tsaye a zauren majalisa, ya juya ya ba iyaye haƙuri.

Yadda abin yake aiki ba wani asiri ba ne. Ba ka biyan TikTok ko Facebook ko dala, to da mi suke cin riba? Da talla. Talla kuwa tana son ido, ido na son lokaci. Shi ya sa bidiyo ba ya ƙarewa, ka ja wannan wani ya hau. Na'urar tana lura da inda ka tsaya: ka daɗe kan bidiyon baƙin ciki, sai ta ƙaro maka goma irinsa, don ita ba ruwanta da ko kuka kake ko dariya, tsayawar taka take so. Babba mai gemu ma yana shan kaye. Bare yaro ɗan shekara 12.

Abin da yake fara tafiya barci ne. Forfe na dare ya fi arha, yaro ya shige mayafi da waya har asuba ta kusa, da safe ya zauna a aji ido biyu amma kai ba ya ɗauka. Sai kwatance: yarinya a Damagaram tana auna fuskarta da fuskar da aka wanke da filta, fari tas, ba ƙurji ko ɗaya, daga nan zuwa kantin man bilicin ba nisa. Mafi muni shi ne wulaƙanci. Da, in an yi maka ba'a a makaranta, ka dawo gida ka huta. Yanzu ba'ar tana cikin aljihunka, tana bin ka har shimfiɗa, kuma hoton da ya fita ba ya komawa. Yaron ya daina cin abinci, ya daina magana, sai a ce iskoki ne ko sammu. Addu'a ba ta da laifi, amma a haɗa da tambayarsa abin da ake faɗa mishi a wayar. Gaskiya ne masana ba su daidaita kan girman illar ba, wasu na ganin an zuzuta. Sai dai kan rashin barci da cin zarafi ba a wani ja.

Can inda kamfanonin ke jin tsoro, an taka musu birki. Faransa ta hana waya a firamare da kwaleji tun 2018. Ostareliya ta yi doka a 2024 da ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi, kuma kamfani za a ci tara, ba uba ba. Wanda ya fi ba ni haushi: a Sin, Douyin, ƴar uwar TikTok ta gida ɗaya, minti 40 kacal take barin yaro ɗan ƙasa da 14 a rana. Ashe sun iya sa ƙofa. Namu ne aka bari a buɗe.

Mu kuwa kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Muna da dokar laifukan intanet tun 2019, amma mun fi jin amonta in an taɓa manya. Ina so in ji ta yi amo ranar da wani ƙato ya yaɗa hoton ƴar mutane. Ina so ARCEP da ma'aikatar ilimi su zauna da kamfanonin sadarwa kan maganar yara, a sa darasin amfani da waya tun daga CM2, a kuma samu a kowace CEG malama ko malami guda da yaro zai iya kai wa kuka ba tare da an tona shi ba. Nijar ita kaɗai ba za ta girgiza Meta ba, amma wannan kam ba ya bukatar izinin kowa.

Sannan akwai mu yayye, masu karanta wannan shafi. A ƙa'ida sai mai shekara 13 ke buɗe shafi a Facebook ko TikTok. To wa ya buɗe wa ƙanwarka ƴar shekara 10? Ba Inna ba ce, ba Baba ba. Yawanci yaya ne ya ƙara shekarun haihuwa, ya miƙa tsohuwar wayarsa, ya tura kiredi. Kuma mu ne ke tura bidiyon tonon asiri daga gurup zuwa gurup, har da rubuta "Allah ya shirya" a ƙasa, kamar hakan na wanke hannu. A gidan, kai kaɗai ka san inda ake kulle shafi, inda ake toshe mutum, inda ake ƙayyade lokaci. Yau da dare ka zauna da ita, ba da bulala ba, ku buɗe wayar tare ku ga su wa ke turo mata saƙo. In lokacin kwana ya yi, wayar ta kwana ɗakin Inna, taka ma haka.